Shekarar da Aka Toshe Tagogin Gidanmu

Na sha jin ku, ku 'ya'yana da jikokina, kuna maimaita wata magana da kuka tsinta a bakin dangi, wai babanku da yayansa, Baba Alhaji, sun taɓa ɓatawa a kan gadon gida. Duk sa'ad da na ji sai in yi shiru, don ba a gyara irin wannan magana a tsaye a bakin ƙofa. Yanzu da ƙafa ta zaunar da ni, su biyun kuma sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su, gara in rubuta muku abin da ya faru yadda na gan shi da idona. Ba gado ba ne. Mutanen nan ba su taɓa ɗaga wa juna murya a kan fili ko ɗaki ba. Abin da ya shiga tsakaninsu taga ce, da numfashin autata Safiya.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan na Ƙofar Kuyambana, ginin ƙasa ne tun daga zaure har bayan gida. Sashen Alhaji na gaba, namu na can ciki, bangonmu na gabas yana bin lungun da ake bi zuwa masallaci. Kowane ɗaki da 'yar tagarsa can sama, ko da rana ta take za ka ji iska tana ratsawa. Da tafiya ta yi tafiya aka shafe bango da siminti, aka buga kwano da silin, kamar yadda kowa ke yi a birni. Alhaji hatsi yake sayarwa. Babanku kuwa, Malam Haruna, ɗinkin hannu na manyan riguna ne sana'arsa, mutum ne mai sanyi wanda allura ta koya wa haƙuri. Tun suna yara tare suke cin abinci, har suka yi furfura ba su daina ba. Kullum bayan magariba za a kai musu tuwo zaure, kwano ɗaya daga wajena, ɗaya daga wajen Hajiya Mairo matar Alhaji, su zauna su biyu su ci. Ni kuma waina nake toyawa da safe, rabin unguwa a hannuna suke karyawa.

A shekarar da nake ba ku labari ɓarayi suka shiga sashen Alhaji ta tagar ɗakinsa. Ya kama ɗaya daga cikinsu, ɗayan ya sare shi a hannun hagu. Hannun nan bai ƙara miƙewa ba har ya koma ga Allah. Da aka sallamo shi daga asibiti, abu na farko da ya yi shi ne kiran magini, ya ce duk tagar da ke kallon waje a gidan nan a cike ta da bulo. Babu wanda ya musa, dukanmu a tsorace muke. Aka toshe ta ɗakina, aka toshe ta ɗakin 'yan mata. Kicin ɗina da yake rumfa ce kawai aka zagaye shi da gini, aka sa masa ƙofar ƙarfe saboda buhunan shinkafar waina. Wutar lantarki kuma ta lalace a shekarar, sai 'yan'uwan biyu suka haɗu suka sayi janareta. Don kada a sace shi, aka ɗaure shi da sarƙa a ɗan soron da ke tsakanin ɗakina da na 'yan mata.

Hancin mutum yana sabawa da gidansa, shi ya sa ba mu lura da abin da gidan ya koma ba. Da damina ta sauka icce ya jiƙe, in zan hura wuta sai in cusa leda a ƙarƙashi, don ita ke kamawa da wuri, haka kuma kowace mace a unguwar take yi. Hayaƙi ya rasa hanyar fita, sai ya taru a kaina ina tsugune gaban tanda, idona na zuba, bangon kicin ya yi baƙi ƙirin. Indararon da ke bayan ɗakin 'yan mata ya tsage, ruwa ya riƙa bin bango, har fumfuna ta fito baƙi-baƙi a bayan gadon Safiya. Ɗakin ya ɗauki wani warin danshi, ni kuma na ga ba a bar ɗakin 'ya'ya mata da wari ba, sai na ƙara yawan turaren wuta, safe da yamma. Sauro ya yi yawa, sai a fesa fiya-fiya a ja ƙofa, in za a kwanta kuma a kunna maganin sauro mai hayaƙi a ƙarƙashin gado. Ga tsohon kafet da ya sha ƙurar shekaru, ana share samansa, cikinsa kuwa sai Allah. Duk wanda ya tashi da safe a sashenmu da ciwon kai yake tashi. Muka ce gajiya ce, muka ce zazzaɓin damina ne.

Safiya a lokacin ba ta kai goma ba. Ku yayyenta duk kuna makarantar kwana ko kun yi aure, ita kaɗai ke kwana a ɗakin nan. Tari ya kama ta tun farkon damina, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. Na ba ta zuma da citta, na ba ta maganin tari na kemis, Hajiya Mairo ta kawo wani sassaƙe daga ƙauyensu. Ya lafa, ya dawo. Yarinya ta rame, ta daina fita wasa, in ta ɗebo ruwa daga rijiya sai ta tsaya ta dafa bango.

Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba, aka kece da ruwa. Babanku yana da rigar ango da za a karɓa washegari, ga ba wuta, sai ya tayar da janareta ya zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki. Muka rufe ƙofofi saboda feshin ruwa. Kayan makarantar Safiya ba su bushe ba, na zuba garwashi a kasko na kai ɗakinta na shanya su a kan kujera, ita tana kwance. Ban daɗe da komawa kicin ba na ji kamar ana busa ƙaramin usur. Na leƙa, sai na gan ta zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ta dube ni tana son ta ce Umma, kalmar ta ƙi fita. Leɓenta ya fara canza launi.

Ban san yadda na ɗauke ta ba. Na dai san na fito lungu ba mayafi, ruwa na dukanmu, babanku yana buga ƙofar maƙwabcinmu mai mota. A hanya na rungume ta ina kiran sunan Allah, ina jin ƙirjinta yana kokawa a jikin nawa.

Da muka isa asibiti, Allah Ya sa muka dace da wata likita, mace ce mai matsakaicin shekaru. Aka sa wa Safiya abin shaƙa a hanci da baki, aka yi mata allura, a hankali usur ɗin nan ya fara sauka. Da hankali ya kwanta likitar ta zaunar da mu ni da babanku. Na ɗauka za ta tambayi abin da yarinyar ta ci. Sai ta shiga tambayar gidanmu: ina take kwana, ɗakin akwai taga, da me nake girki, ina muke ajiye janareta. Ina ba ta amsa tana kallona. Da na kai kan kaskon garwashi sai ta ajiye bironta.

"Hajiya, 'yarki asma gare ta," in ji ta. "Maganin da zan ba ta zai buɗe mata ƙirji. Amma in kika mayar da ita ɗakin da ta fito, za ki dawo mini da ita, kuma ban san a wane hali ba."

Babanku ya ce, "Likita, ai janaretan ba ya hayaƙi sosai, sabo ne."

"Malam, wanda kake gani da ido mai sauƙi ne. Akwai wanda ba shi da launi, ba shi da wari, shi ke sa muku ciwon kan nan da safe. Garwashi ma yana fitar da shi. A rufaffen ɗaki yana iya kwantar da gida guda, su yi barcin da ba tashi. Ku gode wa Allah ƙirjin yarinyar nan ya yi muku ƙara tun da wuri."

Da aka sallame mu ban kai ta gida ba. Na wuce da ita unguwar Tukur-Tukur wajen ƙanwata Asabe, wadda ɗakunanta ke da manyan tagogi. A can Safiya ta yi barci har da minshari, tarin ya ja baya. Bayan na kwana biyu tare da ita na dawo gida ni kaɗai, kuma ranar ce na fara jin warin gidana. Ina ɗaga labulen ɗakin 'yan mata wani abu ya bugi maƙogwarona, haɗin danshi da tsohon turare da fetur da maganin sauro. Na ja gadon, na ga bangon. Na tsaya a tsakiyar ɗakin da rana tsaka, ko tafin hannuna ba na gani sosai. A nan 'yata take kwana.

Na sami babanku na ce, "Malam, Safiya ba za ta dawo ɗakin nan ba sai an buɗe taga."

Ya daɗe yana juya allura a hannunsa. Ya ce, "Zulai, kin san wanda ya sa aka toshe."

"Na sani. Ka je ka same shi."

Ya same shi a zaure da yamma. Ina tsaye a bayan ƙofa da kwanon tuwo, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba. Babanku ya kwashe bayanin likita kaf ya faɗa masa, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce za a sa sandunan ƙarfe masu kauri, ba mai iya shiga. Alhaji ya saurara har ya gama, sannan ya janye hannun rigarsa.

"Haruna, dubi hannuna. Tagar da aka shigo mini ita ma da ƙarfe a jikinta, suka banƙare shi. Yarinya Allah Ya ba ta lafiya, a ci gaba da magani. A fitar da janareta, ban hana ba. Amma bangon lungu, muddin ina numfashi, ba za a fasa shi ba."

"Yaya, tun da Baba ya rasu ban taɓa tsallake maganarka ba."

"To kada ka fara yau."

Kada ku ga laifinsa. Mutum ne da ya ga adda a kansa a cikin ɗakinsa, kuma tsoron da yake ji, mu yake ji wa. Babanku ya san haka, shi ya sa abin ya yi masa nauyi. Ya bi ta wajen limamin unguwa, ya bi ta wajen gwaggonsu, Alhaji bai sauka ba. Ni kuma kullum ina hanyar Tukur-Tukur. Duk zuwan da na yi sai Safiya ta tambaye ni yaushe za ta koma gida, in ce sai an gama gyara.

Wata safiya bayan an fito masallaci na ga babanku ya shigo da guduma da ya aro. Ya tuɓe rigarsa ya rataye, ya shiga ɗakin 'yan mata, ya hau kan turmi. Mutumin da hannunsa bai san abin da ya fi allura nauyi ba. Ya yi bisimilla ya kai dukan farko, gudumar ta goce. Ya sake. Ya yi ta duka har tafinsa ya fashe, sannan bulo na farko ya faɗa lungu, haske ya shigo kamar an watsa ruwa. Na ji iska a fuskata. Ya juyo ya dube ni, gumi da ƙurar siminti sun rufe masa gemu, ya ci gaba.

Duk gidan an ji ƙarar. Alhaji bai fito ba. Da yamma na kai tuwo zaure, sai na tarar da babanku shi kaɗai. Alhaji ya aiko a gaya wa Hajiya Mairo daga yau a riƙa kai masa nasa ɗaki. Haka aka shiga. Suna gaisawa a masallaci, gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba. Babanku ya ci gaba da zama a zaure shi ɗaya, yana cin loma kaɗan ya rufe kwano. Ya rame a watannin nan fiye da yadda ya taɓa ramewa don ciwo. Dangi suka ɗauki magana, wasu suka ce matarsa ce ta zuga shi, wasu suka ce rabon gida yake nema. Daga nan ne labarin gadon da kuke ji ya samo asali.

Mu dai muka sa kai ga aiki. Na kwashe kwallayen da na jera a kabad tun da na yi aure na sayar, aka kira mai walda. Ɗakin 'yan mata aka yi masa taga biyu, ɗaya ta lungu, ɗaya ta tsakar gida, suna kallon juna don iska ta shiga ta fita, kowace da sandunan ƙarfe da ragar hana sauro. Haka aka yi wa nawa. Aka canza indararo, aka kankare bangon da ya yi fumfuna har sai da aka kai busasshen wuri, muka bar shi ya sha iska kafin a sake shafe. Kafet na sa aka naɗe aka fitar, da aka ɗaga shi abin da ke ƙarƙashi ya isa a shuka gero. Muka koma tabarma da ledar ɗaki wadda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma. Na sayi gidan sauro, na daina kunna komai a ƙarƙashin gado. Janareta aka kai shi can kangon baya, aka yi masa keji na ƙarfe a fili, nesa da kowace taga.

Kicin ne ya fi ci mini rai. Sai da aka rushe rabin bangonsa ta sama aka mayar da shi rumfa, kuma duk tsawon aikin ban toya waina ba. Masu saye suka koma wajen wata a bayan masallaci, da yawansu ba su dawo ba. Da na koma sana'a na daina sa leda a wuta, na sa aka yi wa icce rumfarsa don ya bushe, daga baya yayanku babba ya kawo mini murhun gas. Turaren wuta kuwa, ku da kuka san ni kun san abin da na bari. Uwata ce ta koya mini haɗa shi. Na koma turara kaya a tsakar gida, in sun sha iska a shigar da su. Ɗakina bai ƙara irin ƙamshin da aka san shi da shi ba, na kuma haƙura.

Sai da fenti ya bushe warinsa ya fita sarai muka ɗauko Safiya. Ta shiga ɗakin ta tsaya tana kallon taga, ta hau gado ta leƙa lungu, ta hango gidan su ƙawarta, ta ce, "Umma, ashe daga nan ana ganin bishiyar gidan su Ladidi!" Ba zan ce muku ta warke ba, har yau da abin shaƙarta a jaka take yawo, kun sani. Amma ciwon da ke tasowa kullum ya koma sai jefi-jefi, ba mu sake kwana asibiti da ita ba. Ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Ciwon kan safe ya bar sashenmu kamar an ɗauke shi da hannu. Ni kaina tarin da na ɗauka na tsufa ne ya ragu. Hajiya Mairo ta fara shigowa da hantsi da ɗan jikanta a goye, ta zauna ƙarƙashin tagata tana tsince shinkafa. Ta ce in ta zauna a nan kanta yana sakinta. Ban ce ta gaya wa mijinta ba, ita ma ba ta ce za ta gaya masa ba.

Ana gab da azumi aka ba su Safiya hadda mai yawa a Islamiyya. Ta mayar da bakin taga wajen karatunta. Kullum bayan la'asar za ta hau gado ta jingina da bango ta buɗe murya, duk mai wucewa ta lungu yana ji. Wata yamma ina tankaɗe a tsakar gida, babanku yana warware zare a gefe, sai muka ji sallama a ƙofar sashenmu. Muryar da muka yi watanni ba mu ji a nan ba. Babanku ya miƙe har zare ya zube.

Alhaji ya shigo da carbinsa a hannun dama, fuskar nan a ɗaure. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Bai dubi ƙaninsa ba. Ya wuce kai tsaye ƙofar ɗakin 'yan mata, Safiya ta yi tsit, ta sauko daga gado.

"Ke Safiya," in ji shi, "kullum na dawo masallaci sai na ji ki tun daga bakin lungu. Kuma kullum a wuri ɗaya kike kuskure. Kina tsallake aya. Malaminku bai gaya miki ba?"

Ta ce, "Bai ji ba, Baba Alhaji."

"To ni na ji."

Ya shiga ɗakin. Ya tsaya yana duban tagar, ya miƙa hannunsa mai lafiya ya kama sandar ƙarfe ya girgiza, ya sake girgizawa da ƙarfi. Ba ta motsa ba. Iska ta kaɗa labule ta taɓa masa fuska. Sannan ya juyo ya dubi babanku da ke bakin ƙofa.

"Haruna, tsayuwar me kake yi? Miƙo mini tabarma."

Babanku ya shimfiɗa masa da hannunsa. Alhaji ya zauna a ƙarƙashin tagar, ya matsa gefe ya bar wuri, babanku ya zauna kusa da shi. Ya nuna wa Safiya gabansa.

"Zauna nan. Ɗauko daga farko. Ki ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

Ina tsaye da rariya a hannu na ga 'yata ta gyara zama, ta ja numfashi mai tsawo har ƙirjinta ya cika, ta fara.